Aro Na Zo Yi

Shekarar da ruwa ya cinye shinkafar fadamar Wurogauri, wasu malaman jami'a suka zo ƙauyenmu suna tambayar tsofaffi yadda ake kiyaye daji. Ni na raka su wurin kawuna.

Mun same shi a kurmin bayan gari yana ɓare ɓawon kalgo don igiya. Ƙamshin ɗanyen itace ya cika wurin. Gefe guda kawai yake ɓarewa, sannan ya shafa laka a kan ciwon. Wata malama ta tambaye shi dalili.

Ya ce, "Ɗiyata, aro na zo yi. In na tuɓe shi duka, baɗi wa zan roƙa?"

Suka yi dariya, suka rubuta.

Makon jiya a ajinmu na yaƙi da jahilci a garin Kalgo, malam ya ba ni wata takarda in karanta. Ina bin ta da yatsa, harafi bayan harafi, sai na ji muryar Kawu: maganarsa ta aro ce a rubuce. Malam ya ce har a ƙasashen waje masana suna kafa hujja da wannan magana. Na kasa ƙarasa layin.

Bayan rasuwar Kawu masu gawayi suka shiga kurmin. Lokacin ko takardar koke ban iya rubutawa ba.

Allah ya sanyaya makwancinsa, ya ba shi inuwar da ba a sarewa. Mu dai mun rasa tsamiya bakwai, kaɗanya goma sha biyu, tafki ɗaya, da shi.