Ranar Da Mashin Ɗin Maigidana Ya Yi Shiru

Akwai ranar da ko tsufa ya ci ƙarfina ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun ja, amma har gobe in mashin ya wuce ta ƙofar gidanmu a Tudun Wada, sai na ajiye abin da nake yi na kasa kunne.

Ni dama mai fargaba ce, kuma da na haifi ɗiyata ta fari abin ya ƙaru. Maigidana kabu-kabu yake yi a cikin Gusau, kullum ya fita zuciyata na biye da shi. Ban yi nisa a makaranta ba, amma Allah Ya ba ni kunne. Duk mashinan da ke shiga layinmu, na san kukan nashi, wani siririn fito yake yi. Ya taɓa gaya mini cewa irin nashi ba sarƙa ce ke juya kamshaf ba, wato ƙarfen da ke buɗe bawul ɗin injin yana rufewa. Wasu faifayen ƙarfe biyu ne masu haƙora suke cizon juna suna juyawa, su ke wannan fiton. Har jaririyar ta gane shi, da ta ji sai ta hau wutsil-wutsil a bayana.

Da damina ta kama, sai na fara jin wani abu a ƙarƙashin fiton. Ƙas-ƙas-ƙas, kamar an jefa tsakuwa cikin kwanon sha, musamman da safe in ya tayar da shi yana jiran ya ɗau zafi.

Na ce, "Malam, mashin ɗin nan fa ya canza murya."

Ya yi dariya ya ce, "Iye, bakanike! Yaushe kika buɗe gareji ban sani ba?"

Duk da haka ya kai shi wurin abokansa a tasha. Suka ce bawul ne, suka ɗaure. Ƙara ba ta tafi ba. Sai wani ya ba shi shawara ya juye baƙin man ya zuba mai kauri, irin wanda ake sa wa giyar manyan motoci. Ya dawo yana ta murmushi, ya tayar da shi a ƙofar gida ya kira ni.

"Saurara da kyau. Ina ƙarar taki?"

Gaskiya, ƙarar ta ɓace. Amma fiton ma ya dushe, kamar mutumin da aka toshe wa baki da hannu. A raina na ce wannan ai kamar yaro ne mai ciwo a ɗura masa abin barci. Sai dai na yi shiru, don ba na son a ce na cika mita.

Ana nan aka aiko Innata ba ta da lafiya a Nahuce, tana son ganin jikarta. Na roƙe shi mu shiga mota. Ransa ya ɓaci. "Matar ɗan kabu-kabu a motar haya? So kike 'yan tasha su samu abin yi da ni?" Haka na goya yarinya, na ƙara ɗaure majanyi, na hau bayansa.

Mun kusa Bungudu sai na ji ƙarar nan ta dawo. Wannan karon ba da kunne kaɗai ba, a tafin ƙafata na ji ta, ta ƙarfen da na taka. Na dafa kafaɗarsa.

"Malam, rage gudu."

"Mi kuma ya faru?"

"Don girman Allah ka rage, ka koma gefe!"

Ya yi tsaki, amma ya rage. Bai gama sauka gefen titi ba muka ji gaf! Injin ya ƙame, tayar baya ta daina juyawa, ta ja ƙasa da wata irin ƙara, mashin ya juya da mu muka zube cikin rairayi. Wata tirela da ke bayanmu ta wuce tana hon, iskarta ta yaye mini mayafi.

Ban ji zafin gwiwar hannuna da ta saɓule ba. Bayana nake saurara, kuma bayana shiru. Hannuna ya kasa kwance majanyin. Wata mai tallar nono ce ta dire ƙwaryarta ta rugo, ta zare yarinyar tana salati. Idonta a buɗe, bakinta a buɗe, babu sauti. Matar ta hura mata iska a fuska. Sai ta tsala ihu. Wallahi ban taɓa jin abu mai daɗin wannan kukan ba. Nan na zauna daɓas a ƙasa.

Mutane suka taimaka aka kai mashin garejin wani dattijo mutumin Tsafe. Ya kwance ƙusar ƙasan injin, man ya riƙa saukowa da kyar kamar maɗi. Ya shafa a yatsa ya ɗaga a rana, sai ƙyalli yake, garin ƙarfe ne. Da ya buɗe injin, ya zaro wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar masara ya ajiye mini a hannu.

Ya ce, "Ga haƙorin da ya karye ya shiga tsakanin 'yan'uwansa. Sun daɗe da cinyewa, suna dukan juna. Wa ya zuba mai wanga?"

Maigidana ya sunkuyar da kai.

Dattijon ya tayar da wani mashin irin namu da ke gefe, ya ɗora bakin sukundireba a kan injin, ya ce in kara kunnena a ƙotar. A sama na ji cik-cik siriri, ya ce wannan bawul ne. Ya mayar ƙasa, na ji fiton nan da na sani, sumul. Ya ce fito lafiya ne, amma in duka ya shiga cikinsa daga ƙasa, ba a ɗaure bawul, ba a toshe shi da mai. Buɗewa ake yi, a girgiza faifan da hannu a ji ko yana wasa.

Ya juya ga maigidana ya ce, "Da gudu kake lokacin da ya cije, da ba nan aka kawo ku ba."

Maigidana ya dube ni. Ya ce, "Baba, ita ta fara ji. Na yi mata dariya."

Dattijon ya ce, "To bar mini ita nan, kai ka koma gida ka yi goyo."

Kowa ya yi dariya ban da ni. Haƙorin nake kallo a tafin hannuna, ina kallon ƙeyar ɗiyata.

Abin da na koya shi ne, ƙara ta ɓace ba ya nufin ciwo ya warke. Haƙorin nan yana cikin kwallata har yau, yarinyar kuma ta shiga makaranta. Roƙona gare ku masu mashin, in kukansa ya canza, ko wani a gida ya ce ya canza, don Allah ku kai a buɗe a duba kafin ku ɗora kowa a baya.