An Kashe wa Maman 'Yan Biyu Lifta

Sun kashe lifta tana saman bene, kuma ba wanda ya gaya mata. Maman 'Yan Biyu ta turo kekenta bakin ƙofar liftar, ta danna maɓalli har yatsa ya gaji, sannan masinja ya zo yana sosa ƙeya ya ce umarni ne daga ƙasa. Wai sabuwar na'urar da aka girke a ɗakin ƙasa ba ta son motsi. Da ita ake ɗaukar hoton wasu 'yan guguwar maganaɗisu a jikin fallen ƙarfen da ya fi ɓawon albasa sirantaka, to da lifta ta motsa sai hoton ya yi rawa. Don haka duk ranar ɗaukar hoto, lifta a kashe.

Matar nan shan inna ya cinye mata ƙafafu tun tana rarrafe. Goye a bayan mahaifinta ta yi firamare. Ranar da ta samu keken guragu ta rantse ba mai ƙara ɗaukarta sai ranar da za a kai ta kabari. Ta koyi buga takardu, ta sami aiki a cibiyar binciken nan tun Farfesan da ke ba da umarni yau yana ɗalibi mai yawo da silifas. Ta yi aure, ta haifi tagwaye, ta yaye su, duk a kan keken. Teburinta na hawa na huɗu, gefen taga. Ban-ɗakin da keke ke iya shiga kuwa ɗaya ne tak, a ƙasa.

To ranar ta riƙe fitsari har marar ta fara ciwo. Masinja ya ce a kira masu gadi su sungumo ta. Kallon da ta yi masa ya ishe shi amsa. Ta ce ya sauko da keken shi kaɗai. Ita kuwa ta zame ƙasa, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta bi matakalar da hannu da mazaunai, mace mai furfura, ɗalibai suna raɓewa jikin bango suna sannu Mama.

Da ta fito ban-ɗaki ba ta ko karkaɗe zane ba, ta nufi ɗakin na'urar. Farfesa ya fito da fara'arsa, ya juyo mata da kwamfuta tun daga bakin ƙofa, wai ta ga abin mamaki. Wasu ɗige-ɗige ne fari da baƙi, jere kamar saƙar zuma. Yana ta zuba cewa wata rana a cikinsu za a riƙa adana bayanai. Ta matso don ta gani da kyau, sai ya tare ta da hannu: keken ƙarfe ne, kada ya ƙetare jan layin da aka ja saboda maganaɗisun na'urar.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "abin da ido ba ya gani ka gan shi. Ni da na sauko maka bene da gindi, ba ka gan ni ba?"

Ya ce a yi haƙuri, za a duba. Dubawar da aka yi ita ce shugaban ma'aikata ya ba ta shawara ta riƙa zama gida ranakun hoto, ta huta. Ranakun hoton nan kuwa yanzu sun kusa cinye mako. Kowa ya san inda irin wannan hutun ke kai mutum: wata safiya za ta zo ta tarar da wata a kan teburinta.

Ba ta zauna gidan ba. Kullum tana zuwa, ta ja birki gaban liftar, jaka a cinya, ta ƙi motsi.

Ku shugabannin cibiya, ɗakin da ke kusa da ƙofar shiga, wanda kuka cika da kwalayen da na'urarku ta zo ciki, ku kwashe su. Ku sauko mata da teburinta da injin buga takardunta kafin ku ƙara taɓa maɓallin nan.