Bahaguwar Baba Daudu

A bakin tashar Kazaure, ƙarƙashin darbejiya, wani dattijo yana goge mota da farin ƙyalle. Shi gajere ne, siriri, gemu duk furfura. Ita kuwa doguwa ce kamar kwalekwale, koriya shar, ƙirar Amurka, babu ko ƙwarzane a jikinta. 'Yan kamasho na kiransa Baba Daudu. Yadda yake hura wa madubi iska kafin ya shafa, sai ka ce tsohon direban wani Bature ne da ya bar masa ita da aka samu 'yancin kai.

Fasinjojin Roni suna wuce ta, suna cusa kansu cikin sababbin Fijo. Shi ko kiran kowa ba ya yi.

Wani direba ya matso yana kaɗa makulli a yatsa. "Baba, da ka sayar wa maƙera ita su ƙera garma. Ai zamani ya wuce ta."

Dattijon bai ɗago ba sai da ya gama goge fitila.

"Zamani? Shekara nawa kuka yi kuna kiranta bahaguwa, wai sitiyarinta na hagu? Da gwamnati ta yi canjin hannun tuƙi, wa ya sauya? Ƙasar nan kaf ta tsallaka titi ta dawo hannunta. Ɗana, wannan ba ta bin zamani. Tsayawa take yi, ya zo ya same ta."

Ya ninke ƙyallen, ya shiga, ya murɗa makulli sau ɗaya tak. Ta amsa.