Kawu Munzali da Murfin da Na Cire

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, 2025, bayan Azahar, ƙanwata Hafiza ta kira ni daga Dutsin-Ma ta ce Allah Ya yi wa Kawu Munzali rasuwa. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma, ɗaya bayan ɗaya. Ina riƙe da injin yankan ciyawa a wani rukunin gidaje a nan Fatakwal lokacin da wayar ta shigo. Na ce mata to. Na ce Allah Ya jiƙansa. Na mayar da wayar aljihu, na ja igiyar injin, na ƙarasa filin. Yau kwana shida ke nan, ban yi kuka ba. Ina cin abinci, ina sallah, ina zuwa aiki, kamar wanda aka yi wa allurar kashe zafi a jiki duka.

Kawu, kai ne ƙanin mahaifiyata, kuma kai ne makaniken da duk mai injin ban ruwa ko na markaɗe, daga Barkiya har bakin madatsar Zobe, ya san rumfarsa. Ba ka gajiya da faɗa wa mutane cewa inji numfashi yake yi. In ya shaƙi datti zai mutu, in bai huce ba zai mutu. Ranar kasuwar Kurfi kakan zo da guntun katifa da reza. Ka yanko soso daidai bakin filta, wato matatar iskar inji, ka tsoma shi a man inji, ka matse har ya daina ɗiga, ka ɗaure da roba, ka miƙa wa manomi ka ce ya je ya gwada. Matarka, Inna Talatu, ta taɓa tare ka a ƙofar gida ta ce, "Malam, katifar ɗakin baƙi ce ka fara ci daga wajen ƙafa. In baƙo ya zo sai dai ya kwana a naɗe." Ka ce mata, "To ki riƙa nemo mana gajerun baƙi."

Kai ka samo mani aikin kula da filin wata makarantar kuɗi a hanyar Kurfi, shekara tara da suka wuce. Mai makarantar ya sayo sabon injin yankan ciyawa ya damƙa mani. Da damina ta yi nisa sai injin ya fara zafi yana mutuwa a tsakiyar fili. Ban zo wurinka ba, don ina ganin ni ma na iya. Na ce mutum in zafi ya dame shi riga yake tuɓewa, sai na kwance jan murfin da ke saman injin na ajiye gefe. Na cire filtar ma, wai don ya sha iska sosai. A rana ta uku ya yi wata ƙara, ya fitar da hayaƙi, ya tsaya.

Da aka kira ka, ka durƙusa ka nuna mana yadda abin yake. Fankar injin tana ƙarƙashin murfin nan, kuma murfin ne ke tilasta wa iskar ta bi ta tsagogin ƙarfen da ke jikin injin ta kwashe zafi. In babu murfi, iskar watsewa take yi a banza. Abin da ya fara sa shi zafi tun farko, tsagogin ne suka toshe da ɓurɓushin ciyawa da gidan zanzaro. Tsinken tsintsiya ɗaya da ya isa. Ni kuma na buɗe mashi baki ya yi kwana uku yana haɗiyar ƙasa.

Mai makarantar so yake ya mayar da injin wurin ɗan kasuwar da ya sayar mashi. Ya ce, "Malam Munzali, haka aka sayar mani da shi, ko hannu ya taɓa shi?" Ka ɗago ka dube ni. Sannan ka ce, "Alhaji, lafiyarsa lau aka kawo shi. Ɗana ne ya cire murfin, rashin sani ne. Ni zan gyara." Ka gyara kuwa, amma ni a ranar aka sallame ni, a gaban malamai da masu gadi. Auren da aka sa mani rana ya lalace kafin wata ya ƙare. Na bar gida ban yi maka sallama ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba don ka mutu. Har gobe ina ganin da ka ja ni gefe tukuna, da ka ce a ba ka kwana ɗaya ka duba. Na yi shekaru ina cewa ka zaɓi ɗan kasuwa a kan ɗan 'yar'uwarka. Amma na sani, tun a ranar ma na sani, mutumin nan bai yi laifin komai ba, kuma da ka yi shiru shi za a ɗora wa. Ni na kwance murfin da hannuna.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba. Nan Fatakwal ciyawa ba ta san rani ba, kullum yanka ake yi. An canza masu yanka sun fi goma tun zuwana, injinansu na bugawa ana korarsu. Nawa shekara bakwai ke nan yana aiki. Duk Juma'a kafin in tafi masallaci nakan kwance murfin, in bi tsagogin da tsinke ɗaya bayan ɗaya, in mayar da shi in ɗaure. In wanke soson da ruwan sabulu, in shanya, in sa mai, in matse. Da abin da ka nuna a ranar da ka kunyata ni nake ciyar da iyalina. In ogan wurin aikinmu ya tambaye ni wa ya koya mani, sai in ce wani makanike ne a garinmu. Ban taɓa cewa kawuna ba.

Wata biyu da suka wuce ka aiko mani da saƙon murya ta wayar Hafiza. Muryarka ta yi ƙasa ƙwarai. Ka ce, "Ɗanjuma, kawunka ne. Jiki ya yi nauyi. Maganar injin nan, ko yau aka sake tambayata, abin da na faɗa shi zan faɗa. Amma fuskarka da na zubar a gaban mutane, ka yafe mani. An ce har yanzu ciyawa kake yanka. Ka riƙa matse soson sosai, man in ya yi yawa shi ma toshe numfashi yake."

Na saurari saƙon nan ban san sau nawa ba. Kullum sai in ce gobe zan amsa. Hafiza ta ce a wurin jana'iza an roƙi jama'a su yafe maka, kowa ya ce ya yafe. Wanda ka roƙa da bakinka ba ya wurin.

Na yafe maka, Kawu. Na rubuta shi a nan don duk wanda ya karanta ya zama shaida. Nawa laifin, na barin ka kana jira har ka tafi, ban san wanda zan roƙa ba sai Allah. Juma'ar da ta wuce oga ya same ni ina goge tsagogin injin, na ce mashi mutumin da ya koya mani ya rasu. Na ce kawuna ne, sunansa Munzali.

Allah Ya jiƙanka da rahama, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka Ya sanyaya shi, Ya sa gaskiyar da ka riƙe ta tsaya maka ranar da kowa zai nemi mai tsaya mashi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Talatu, da 'ya'yanka Kamilu da Sauda da Fauziyya, da dangi na Barkiya da Kurfi da Dutsin-Ma. Allah Ya ba ku haƙuri. Inna, in na zo gida, ke zan fara durƙusa wa.

Ɗanjuma Lawal Barkiya
Fatakwal