Amin Ɗin Da Ba Shi Da Wari

Kafin a san ni da ɗaurarre, malamin kimiyyar sinadarai ne ni a wata sakandare mai zaman kanta a Orozo. Ba yabon kai ba, na iya aikina. Darasin da na fi so shi ne na wasu sinadarai 'yan uwan amoniya, waɗanda sunansu ya yi daidai da abin da muke cewa bayan addu'a. Da na ce "yau za mu yi amin", sai aji ya ɗauka, "Amin ya Allah!" Musulminsu da Kiristansu. In bar su su gama dariya, sannan in nuna musu cewa da amin ake haɗa magunguna da yawa, da rinin tufafi, da zaren nailan. Na kan ce musu ƙarnin kifin da ya kwana ma wani amin ne. Ƙwayoyin cuta ke samar da shi, shi kuma ba ya zama wuri ɗaya, tashi yake ya shiga hanci. Amma in ya gamu da abu mai tsami sai su haɗu su zama gishiri, gishiri kuwa ba ya tashi sama. Shi ya sa iyayenku ke wanke kifi da lemon tsami.

Wannan ilimin na halal da shi na halaka kaina.

Ina da maƙwabci mai aiki a wani ɗakin sanyi inda ake ajiye kifin kwali. Wata rana wuta ta daɗe ba ta dawo ba, janareto kuma ya lalace. Ya kawo mini kwalin kifi taitus da ya fara tashi, ya ce, "Ticha, kai da ka san kimiyya, ba yadda za a yi da wannan?" Na wanke shi da ruwan tsami, wari ya ɗauke ɗif. Muka soya muka ci, ba abin da ya same mu. A ranar na ji kaina ya kumbura da alfahari. Daga kwalin ci sai kwalin sayarwa. Kafin a jima ogan wurin ya san lambata, duk kifin da ya kamata a zubar ni ake kira. Na bar koyarwa, na kama shago a Masaka, na zama dila.

Cikin masu saye a hannuna akwai Mama Rifkatu, wata dattijuwa mai suyar kifi a bakin titi, kusa da inda ake wani babban gini. Leburori da masu gadi duk wajenta suke ci. Abin alfaharinta hancinta ne. Ba ta taɓa karɓar kwali ba sai ta ɗaga kifi ta shinshina ƙarƙashin kunnensa. Ta kan ce, "Ni hancina ba ya ƙarya, tun ina yarinya yake ciyar da ni." Ranar farko ta shinshina nawa ta ce, "Kai Ticha, kifinka yana da kyau fa. Mai ilimi daban ne." Na ce, "Mama, ai ba zan kawo miki abin banza ba." Ko idona bai ƙifta ba.

Ga abin da na sani na kuma rufe bakina. Amin ba guda ɗaya ba ne. A jikin kifi irin taitus, in ya sha zafi, akwai wani da ke taruwa mai suna histamin. Shi ba shi da wari, tsami ba ya cire shi, wuta ba ta kashe shi, ko mai ya tafasa ya ƙone. Warin nan da nake gogewa shi ne mai gadin da ke ihu cewa akwai ɓarawo a ciki. Ni kuwa na toshe wa mai gadin baki, na bar ɓarawon. Da hannuna na sha rubuta wannan a allo.

Wata Talata da rana leburori suka ci kifin Mama. Kafin su koma bakin aiki fuskokinsu sun yi ja, jiki ya feso da ƙuraje, wannan na amai, wancan na riƙe da kai. Akwai wani dattijo mai gadi, mutumin Arewa, mai fama da asma. Numfashinsa ya sarƙe. Bai kai asibiti ba.

Jama'a suka kifar da kaskonta, 'yan sanda suka tafi da ita. Na ji labari, na kulle shago, na gudu wajen wani abokina a Tungan Maje na laɓe. Daga baya aka gaya mini ko da aka tambaye ta wa ke ba ta kifi, cewa ta yi, "Ticha ne, amma ku bar shi, ba ruwansa. Ni na shinshina da kaina." Tana kulle tana kare ni, ni ina can ina cin tuwo. Wallahi wannan ya fi zaman kurkukun yi mini ciwo.

Gwajin da aka yi wa ragowar kifin ya nuna histamin. Aka bi sawu har ɗakin sanyi, oga ya ambaci sunana tun kafin a zaunar da shi. Aka fasa shagona aka tarar da jarkokin ruwan tsami. A kotu alƙali ya tambaye ni ko na san illar abin da nake yi. Lauyana ya so in ce ban sani ba. Na dubi Mama a bencin baya, ta rame, na ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Koyar da shi nake yi."

Na yi shekaruna a gidan yari, na fito da furfura. Iyalan dattijon sun koma garinsu, har yau ban same su ba, kuma wannan nauyin da shi za a binne ni. Mama kuwa na same ta a Masaka. An wanke ta, amma ba wanda ya ƙara cin kifinta, yanzu gasasshiyar masara take sayarwa. Na durƙusa a gabanta. Ta daɗe tana juya masara, sannan ta ce, "Ka san abin da ka ɗauke mini? Yanzu ko miyar gidana na shinshina, ba na yarda."

Samari, ku ji daga bakin wanda ya gani. Ku yi karatu, ku ƙware, ni ban taɓa nadamar sanin kimiyya ba. Amma duk ranar da wani ya ce ku yi dabara ku ɓoye aibin kaya, ku ce a'a tun a kwalin farko. Ban taɓa ɗaukar wuƙa ba, ban haura katangar kowa ba, amma akwai kabari da hannuna a ciki.

Da zan tashi, Mama ta ce, "Je ka, Ticha. Allah ya yafe mana duka." Kalmar da na yi shekaru ina sa yara dariya da ita ta tsaya mini a wuya. Sai da ta maimaita addu'ar, sannan na iya cewa amin.