Kusurwar Falmata da Gidajen Kwali

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Falmata, matar babban ɗana. Allah ya jiƙanta. Ni ban yi boko ba, 'yarta Yagana ce ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta ƙara gishiri. Abin da ya sa na tayar da zancen shi ne wata kusurwa a tsakar gidanmu na unguwar Mafoni a Maiduguri, wadda bana aka so a gine.

Falmata malamar firamare ce. Tun tana amarya na lura ba ta zubar da komai: kwalin taliya, gwangwanin madara, gidan ashana, tsohuwar tsintsiya. Ran Asabar 'ya'yan maƙwabta su cika kusurwar nan, ta dama musu fulawa ta zama gam, su yi ta gina gidaje. Na ce mata, "Ke, gidana ba bola ba ne." Ta durƙusa ta ce, "Hajja, in sun gama za su share." Suna sharewa kuwa, don ina kan tabarma ina kallo.

A kallon nan na gane abin ya wuce wasa. Yaro ba ya yanka ƙofa sai ya nuna mata gabas, ya faɗi ta ina iska ke shigowa. In sun gama, ta sa ɗan man shanu a murfin kwalba cikin kowane gida, a jera su a rana. Wanda mansa ya riga narkewa, sai ya koma ya ƙara taga ko ya kafa rumfar tsinke. Duk wanda ya san zafin Maiduguri ya san wannan karatu ne. Man shanun kuma nawa ne.

Yaran da suka gudo daga ƙauyuka lokacin tashin hankali, gidajensu duk katanga ce doguwa, ba taga. Ba ta yi musu faɗa. Takan ce, "To, ta ina kakarka za ta hango ka dawo?"

Da ta rasu, Yagana ta ci gaba da tara yaran. Ubanta kuwa bai ƙara kallon wajen ba. In ya shigo, ta jikin ɗaya bangon yake bi. Bana keken da yake haya da shi ya tsufa, abinci ya yi tsada, ya zo ya ce zai fasa katanga ya gina shago a kusurwar. Gidan nawa ne, don haka magana tana bakina. Ban ga laifinsa ba, ciki ba a ba shi haƙuri. Amma in shago ya hau, yara sun watse, don babu sauran fili a layinmu.

Na daɗe ina tunanin me Falmata za ta ce da wannan zamani, da ake zuba bulo da kwano, ɗaki kamar tanda, yara kuma kowa ido a waya. Na san ba za ta hana mijinta neman abinci ba. Cewa za ta yi, ba a fafe gora ranar tafiya. Sai na kira shi.

"Baban Yagana, ban hana ba. Amma ba a ɗora bulo ko ɗaya sai na ga shagon a kwali."

"Hajja, wasan yara kuma?"

"Na ce sai na gani. Kai ka haife ni?"

Yaran suka gina gidanmu kaf a kwali, har da rijiya da darbejiya, suka yi ta matsar da shagon daga nan zuwa can. Shi yana tsaye daga nesa, hannu a baya. Can ya kasa daurewa, ya ce, "Kai, ba nan ba! Ai nan ruwa ke bi da damina." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya zo ya tsuguna a wajen da ya yi shekaru yana kauce wa, ya karɓi reza daga hannun 'yarsa. Har aka kira la'asar suna gardama.

Shagon ya koma jikin zaure. Bai kai girman wanda ya so ba, cinikin ma sai a hankali, amma ana ci. Kusurwa tana nan.

Falmata ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba. Ta bar yaran da ba sa wuce gini sai sun tambayi dalilinsa. Ta kuma bar wani mai furfura da yanzu yake dawowa daga Kasuwar Litinin da kwalaye a bayan keke, yana cewa wai a hanya ya tsince su.