Ranar da Nomau Ya Tuɓe wa Gidansa Riga

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da muka kai Nomau Tela makwancinsa, kuma har yau ban huce ba. Mutum ya tashi ya tafi, bai bar mini wanda zan zaga ba! Shi Bagobiri ne, ni Bazabarme haifaffen Yamai, abokan wasa ne mu tun kakanni, don haka duk abin da zan faɗa a kansa halal ne. Allah ya jiƙan bawana.

Abin da ya tono mini shi, makon jiya na ƙetara kogi zuwa unguwar Harobanda don in ga lakwal, wato makarantar bokon jikata. Na tarar da ajinsu rumfar zana ce, ga akuya tsaye tana cin kusurwa hankali kwance. Tun ranar zama ya gagare ni. In zauna, in tashi, in leƙa titi, in dawo.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka ce unguwarmu ta Kalley ta kafa kwamitin iyaye da zai riƙa kula da lakwal. Muka naɗa Nomau shugaba, mutumin da in ya riƙe takarda sai ta juye da kanta don kunya. Ni kuma aka ba ni shela, saboda bakina.

Ginin lakwal ɗin aji biyu ne kawai, yara kuwa kamar fara. Ajin sabbin shiga rumfa ce: bayan damina iyaye su kawo zana da itace a kafa, kafin ruwa ya dawo a kwance ta. A waccan shekarar mun kafa tamu lafiya lau, sai awakin Kalley suka shiga karatu. Cikin mako guda sun cinye bango uku. Na rantse akwai wadda ta fito tana ƙirga da Faransanci.

Daraktan lakwal ya kira mu. Ya ce ranar Litinin sufeton makarantu zai zo, in bai tarar da aji tsaye ba, za a ɗauke mushen da aka ba mu, wato malamin ajin, a kai wata unguwa, yaran su koma gida sai baɗi, in ma an tuna da su. A cikinsu akwai Rabi, ƴar Nomau ta fari.

Na zaga unguwa da shela har maƙogwaro ya bushe. Wannan ya ce ya ba da sau ɗaya. Wancan ya ce ai an samu mulkin kai, gwamnati ta zauna ta saƙa zana. Ko kara guda ban samo ba.

Ranar Asabar da hantsi na biyo layinsu Nomau, sai na ga gidansa tsirara. Ya kwance dangarsa kakaf, yana ɗora zanakun a amalanke. Daga titi kana ganin murhu, da turmi, da shanya, har lungun wanka. Matarsa Tsahara tana tsaye tsakar gida da muciya a hannu.

Ta ce, "Hamani, zo ka ga abin da bawan naka ya yi mini!"

Na ce, "Bawana, yau haukan Gobir ɗin ne ya motsa?"

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Kama mini nan, kai sai baki. Sun ce ba su da zana. Ni ina da ita."

Na ɗauka wauta ce. Ashe tsohon makirin ya san mu fiye da yadda muka san kanmu. Mutanen da za su iya kallon aji a rushe ba su iya kallon matar maƙwabci a fili. Liman ya sauya hanyar masallaci. Maza suna wucewa wuya a karkace kamar an shaƙe su. Kafin azahar, wanda ya ce gwamnati ta saƙa zana shi ya fara fitowa da tasa a ka, yana gunaguni. Kafin la'asar gidan ya rufu ruf, har zana ta yi saura. Sauran kuwa Nomau ya sa muka kai lakwal muka ninka bango, muka kewaye da ƙaya saboda ɗalibai masu ƙaho. Sufeto ya zo, mushe ya zauna. Tsahara kuwa wata guda Nomau bai ga tsokar nama a kwanonsa ba.

Yanzu nakan ce, da zai leƙo Yamai ta yau, me zai ce? Zai ga benaye da kwalta, ya yi ta sakin baki irin na mutanen Gobir. Amma na san inda zai ja birki. Zai tsaya gaban rumfar nan ta Harobanda ya ce, "Hamani, har yanzu?" Kwamiti yana nan, ban ce ba su komai ba. Suna da hatimi, suna da kujerun taro, kowannensu ya iya karatu. Wanda zai buɗe gidansa ya kunyata unguwa ne ban gani ba.

Keken ɗinkinsa tsatsa ta cinye. Rabi ta yi karatu ta zama ungozoma, rabin Kalley a hannunta suka faɗo duniya. Wannan ya rage, da kuma ƙaiƙayin nan da ya bar mini a jiki.

Jiya na zagaya gidana ina neman abin da zan kwance. Ko'ina siminti, har da fasassun kwalabe a kai. Ina tsaye ina dukan katanga da sanda, matata ta leƙo.

Ta ce, "Malam, lafiya?"

Na ce lafiya ƙalau.

Ta dube ni, ta dubi katangar. Ta ce, "In Nomau ne yake motsa maka, ka bar mini bangon wanka."